Shin Laifuka Suna Ƙaruwa a Jihar Vermont?

Tambaya: Ɗana ya samu gurbin karatu a jihar Vermont ta Amurka. An ce mini tana cikin jihohin da suka fi zaman lafiya, amma kuma na karanta cewa kisan kai ya ƙaru sosai a can. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Maganganun biyu duk suna da tushe, kuma abin da ya sa suke kama da masu karo da juna shi ne ƙarancin jama'ar jihar. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum 643,077 ne a Vermont, kusan kashi 65 cikin ɗari daga cikinsu mazauna karkara, kuma Burlington, birni mafi girma a jihar, bai kai mutum 45,000 ba. A wuri irin wannan, idan kashe-kashe suka tashi daga 10 zuwa 15 a shekara, jarida za ta rubuta cewa sun ƙaru da kashi 50 cikin ɗari, alhali a jiha mai mutum miliyan 20 ƙarin mutum biyar ba zai ko motsa lissafi ba. Abin da ya faru a jihar Maine ya fi fito da wannan fili: a Oktoban 2023 ɗan bindiga ɗaya ya kashe mutum 18 a garin Lewiston, kuma wannan dare guda ya sauya alƙaluman jihar na shekarar baki ɗaya. Shi ya sa nake ba da shawarar a duba shekara biyar zuwa goma a jere, a kuma auna da adadin laifi a kan kowane mutum 100,000.

Idan aka yi haka, Vermont tana nan cikin jihohin da laifukan tashin hankali suka fi ƙaranci, tare da maƙwabciyarta New Hampshire da kuma Maine. Sai dai ba zan ce maka ƙarin da ka karanta ƙarya ba ne. Kisan kai ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari a faɗin Amurka a 2020, kuma a Vermont adadin ya haura 20 a 2022 da 2023, abin da jihar ba ta saba gani ba. Fataucin miyagun ƙwayoyi yana da hannu a ciki, kuma matsalar ta daɗe, domin tun a 2014 Gwamna Peter Shumlin ya keɓe jawabinsa na shekara kacokan a kanta. A Burlington kuma majalisar birni ta yanke shawarar rage yawan 'yan sanda da kashi 30 cikin ɗari a Yunin 2020, daga baya ta sassauta matakin, kuma har yau ana muhawara kan tasirinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne laifin da ba ya kaiwa ga takarda. Garuruwa da yawa a jihar ba su da 'yan sandan kansu, sun dogara ne da 'yan sandan jiha da ke zuwa daga nesa, kuma a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, matar da mijinta yake duka ba ta saurin kai ƙara. Kusan rabin kashe-kashen da aka yi a jihar tun daga 1994 suna da alaƙa da rikicin cikin gida, wato haɗarin ya fi fitowa daga wanda aka sani. Ga ɗalibi baƙo kuwa, abin da ya fi yiwuwa ya gamu da shi shi ne satar keke ko fasa mota a ɗauke kaya, musamman a tsakiyar Burlington.