Na sa manomi ya sake ban ruwa gaban kamara, fim ɗina ya koma teyatur kenan?

TAMBAYA: Salamu alaikum malam. Ni ɗan Tawa ne, ina ɗaukar ɗan dokimanter da waya bisa masu noman albasa. Ran nan na iske wani dattijo ya gama ban ruwa kafin in iso, sai na roƙe shi shi sake don in ɗauka. Abokina ya ce tunda ni na sa shi, to ba dokimanter ba ne kuma, teyatur ne. Da gaskiyarshi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka bai da gaskiya a nan, amma kar ka raina maganar tashi, don gardama ce da manyan masu sinima sunka daɗe suna yi kuma har yau ba su gama ba.

Dattijon nan kullum shina ban ruwa, ko kana nan ko ba ka nan, da hannunshi yake buɗe ma ruwa hanya fangali bayan fangali. Abin da ka ɗauka aikinshi ne na gaske, lokacin kawai ka matsar. Ka gwada da abin da Robert Flaherty ya yi a fim ɗinshi Nanook of the North na 1922, can arewacin Kanada: mutanen sun riga sun saba da bindiga amma ya sa su farauta da mashi don su yi kama da mutanen da, har ɗakin ƙanƙarar da anka nuna suna kwana ciki ma an gina shi gefe guda a buɗe don haske ya shiga ma kamara, kuma ba a gaya ma mai kallo ko ɗaya ba. Zancen ɗakin ni bai dame ni ba, dabarar aiki ce. Zancen mashin shi ne matsala, an sa mutane su nuna rayuwar da ba ita suke yi ba.

Wajen 1960 da anka samu ƙananan kamarori na 16mm da ake saɓawa a kafaɗa, da na'urar ɗaukar murya da ke tafiya tare da hoto, sai masu aikin sunka rabu. 'Yan Amurka irin su Robert Drew sunka ce kar ka tambayi kowa komi, kar ka sa kowa komi, ka bi mutum shiru kawai, haka sunka bi Kennedy cikin yaƙin neman zaɓe a 1960. Ra'ayin abokinka kenan ko bai sani ba. Salo ne mai kyau amma shina cin lokaci sosai, don ka san mutanenmu, da ka ɗaga waya sai a gyara hula, a gyara zama, murya ma ta canza ta koma irin ta masu jawabi a rediyo. Sai ka yi ta zuwa har su gaji da kai su manta da kamarar tukuna ka samu abin da kake nema.

Jean Rouch kuma, mai fim ɗan Faransa wanda ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya rasu a hatsarin mota kusa da Ƙonni a 2004 anka binne shi nan Yamai, shi bai yarda kamara na iya ɓoyewa ba sam. Tunda mutane sun san ana ɗaukarsu, gara mai fim shi shigo fili shi yi tambaya shi tsokano magana. A fim ɗin da sunka yi da Edgar Morin a Paris, wanda ya fito a 1961, ana tare mutane bisa titi ana tambayarsu ko suna cikin farin ciki, daga ƙarshe anka tara waɗanda anka ɗauka anka nuna musu fim ɗin, gardamar da sunka yi ita ma ta shiga ciki. A fim ɗinshi Jaguar ma Rouch ya wuce nan, Damouré Zika da abokanshi sunka yi tafiyar cin rani zuwa Gana kamar wasa, muryoyin kuma daga baya anka sa, suna kallon hoton suna sharhi da bakinsu. Tsararre ne, amma duk wanda kakanshi ya yi Kumasi ko Akra zai gane abin da ke ciki. Ba wai Rouch ya tsira daga suka ba fa, Ousmane Sembène, mai fim ɗan Senegal, ya gaya mishi ido da ido cewa shi da irinshi suna kallon 'yan Afirka kamar ƙwari, kuma Oumarou Ganda, ɗan Nijar da ya fito a fim ɗin Rouch na Abijan daga baya ya ɗauki kamara ya ba da labarin sojan Indocin da kanshi a Cabascabo.

Ba sai ka je nesa ba ma, ga ɗan Galmi, Sani Magori. A fim ɗinshi Koukan Kourcia shi da kanshi ya ɗauki tsohuwar zabaya ya kai ta Abijan ta yi waƙa don mahaifinshi da ke zaune can shi komo gida. Ba don fim ɗin ba da ba a yi tafiyar ba, amma ya faɗa ma mai kallo tun farko, kuma abin da ya faru da mutanen da sunka ji muryarta ba wanda ya rubuta musu shi. Ni irin wanga salo na fi so, gaskiya.

Wanda nake tsoro shi ne wanda kowa ke ɗauka ya fi tsabta, wato hoto na tafiya murya na bayani bisa kai, irin na tele da na ƙungiyoyi. Ba a sa kowa ya maimaita komi ba, amma sai a ɗauki mace ta sunkuyar da kai don rana ta dame ta, a wajen montaj, wato haɗa hotunan fim, a ɗora mata muryar da ke cewa yunwa ta addabi garin. Ko a yanko shirun da dattijo ya yi shina neman goro a aljihu, a manna shi bayan tambayar bashi, ya zama kamar kunya ta kama shi. Yawancin ƙaryar da na gani a dokimanter a kwamfuta anka yi ta.

To ka riƙe hotonka ka yi aiki da shi. Abin da ba zan yarda maka ba shi ne ka ce ya ajiye motopomp shi ɗauki guga don ya fi kyaun gani, ko ka sa mishi magana a baki kan kuɗin buhu. In da hali ka koma da asuba ka same shi cikin aikin, hasken ma ya fi. In ka gama montaj kuma, kafin ka sa a Facebook ka kai mishi shi gani da iyalinshi, wurin da ya ce ba haka yake yi ba ka cire shi ko ka sake ɗauka.