Suna Ɗaya, Tsiro Biyu

Tambaya: Malam, na sayi dashen fure a wurin masu sayar da furanni a bakin titi a Nasarawa, mai sayarwar ya ce sunansa "yalo bel", kuma zai hau katanga. Shekara guda ke nan ya tsaya cik kamar ƙaramar bishiya, alhali na maƙwabciyata mai wannan suna ya lulluɓe dangarta. Cuta ta aka yi? Daga wata uwargida, Tarauni, Kano.

Amsa: Hajiya, da wuya a ce an cuce ki da gangan, domin tsirrai biyu ne suke amsa wannan suna, dukansu masu fure ruwan ɗorawa mai siffar ƙararrawa. Na maƙwabciyarki, bisa dukkan alamu, shi ne Allamanda cathartica, ɗan asalin Barazil, wanda yake miƙa dogayen rassa da ake ɗaurawa a danga. Naki kuwa Tecoma stans ne, wanda ba ya yaɗo ko da za ki shekara goma kina ba shi ruwa da taki.

Ki tsinki ganye ɗaya daga kowanne ki duba. Ganyen Allamanda guda ne mai sheƙi, kuma da zarar kin tsinke shi sai farin ruwa kamar nono ya tsattsafo, irin na tumfafiya, wadda danginsu ɗaya. Wannan ruwa yana da dafi, don haka a kiyaye yara da awaki. Ganyen Tecoma ya rarrabu ƙanana-ƙanana masu baki kamar zarto, ba ya fitar da nono, kuma bayan fure yakan sako siraran kwasfa dogaye.

Mu ma Hausawa muna da irin wannan, domin muna cewa dankalin Hausa da dankalin Turawa, alhali ba dangi ba ne. Ɗan'uwan dankalin Hausa na jini shi ne duman kada da ke yaɗo a bakin rafi, dukansu na jinsin da masana suke kira Ipomoea. Wannan ruɗani ne ya sa masana suka riƙe tsarin da Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, ya daidaita a 1753, inda kowane tsiro yake da suna mai kalma biyu da harshen Latin, ta farko ta jinsinsa, ta biyu tasa shi kaɗai.

Ba na tsammanin mai dashe a bakin titi zai san Latin, saboda haka idan za ki koma, ki tafi da reshe ɗaya daga na maƙwabciyarki, ko kuma ki roƙe ta yankan reshen ki dasa da damina, domin Allamanda yana kamawa ta haka.