Turmin ƙirya a kayan ɗakin amarya

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Wai tunda ga injin niƙa a kowace unguwa a Katsina, ko a cire turmi daga kayan ɗakin ƙanwarki, in kuma dole ne, don me gwaggonninki suka nace sai na ƙirya? Na yi dariya, amma raina bai kwanta ba. To a kan me za a zaunar da amarya ranar wanka?

Iyayenmu kan ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da an sa rana ake aika wa masassaƙi, wani lokaci wata shida kafin biki. Lokacin auren yayarmu, a zauren gidanmu aka sassaƙa nata. Daga wajen dajin Rugu aka kawo gungumen bisa amalanke, bayan kaka, domin iccen da aka sare da damina ruwa ya yi masa yawa, yana bushewa yana tsagewa. Tsohon masassaƙin ya fara da gatari, ya fere ɓawo da farin naman nan na gefe duka, sai da ya iske jan tsakiya mai duhu. Ya ce farin abincin gara ne da ƙwaro. Sannan ya ɗauki gizago ya shiga rarake cikin, kaɗan-kaɗan, yana juya gungumen da ƙafa. Baki ya bar masa kaurin yatsa uku, gindi kuwa fiye da tafin hannu, don nan taɓarya ke sauka. Bai yarda rana ta taɓa shi ba: a inuwa ya bushe, ana shafe shi da man kaɗe ciki da waje. Da ya gama sai ya sa aka yi ta daka dusa a ciki har ya yi sulɓi, kada tsinken icce ya shiga gari.

Ƙirya tauri gare ta da nauyi, gara ba ta cinta da sauƙi. Ai shi ya sa maƙera ba su da gawayin da ya fi nata. Maɗaci ya fi kyau a gado da kujera, ga ja ga sheƙi, aduwa kuma ta allo ce. Kowane icce da aikinsa. Yanzu kuwa gawayi ya cinye ƙiryar, sai ki ga an sassaƙa icce mai taushi an shafe shi da jan fenti, ku kuma kuna saye don kyan ido. Shekara guda gindi ya dare.

In za ki kasuwa, ki tafi tare da wani babba. Ki ɗaga turmin, in bai yi miki nauyi ba ki ajiye. Ki kifa shi ki duba gindi, nan tsaga ke farawa daga tsakiya, kuma nan ake toshewa da garin katako da gam. Ki ƙwanƙwasa: mai lafiya ƙararsa a dunƙule take fita. Ki kankare ɗan wuri da farce ki ga ko jan na iccen ne. Taɓaryar ma ta zama mai nauyi, kada a haɗa ki da mara ƙarfi.

Ki gaya wa ƙanwar taki, ba a barin ruwa ya kwana a turmi, ba a kuma shanya shi a rana. A wanke, a kifa a inuwa, bisa dutse ba bisa ƙasa ba. Maganar cirewa kuwa, ki bari sai kin zo gida mu zauna da mahaifiyarki.