Amsa ga mai tambaya kan ƙasashe maƙwabta da yaƙin da ya wuce

Ɗan'uwa, ka tambaya ko dole ne ƙasashe maƙwabta su zama baki ɗaya kan yaƙin da ya taɓa shiga tsakaninsu kafin su zauna lafiya. A ganina ba dole ba ne, kuma a hanyar Jibiya zuwa Maraɗi na koyi haka, inda na daɗe ina fataucin wake.

A makaranta an koya mana jihadin Shehu Usmanu na 1804, da faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, da yadda Ummarun Dallaje, mai tutar Shehu, ya karɓi Katsina. Sarakunan Haɓe kuwa, malaminmu ya ce sun gudu, ya wuce gaba. Da wannan ilimin na sauka a gidan wani dattijo a Maraɗi. Ana hira bayan isha'i na ce "Sarkin Maraɗi", sai ya gyara mini: Sarkin Katsina ake cewa, don sarautar nan ta taho da Ɗan Kasawa, sarkin Haɓen Katsina da ya koma Maraɗi bayan jihadi, kamar yadda Sarkin Gobir yake zaune a Tsibiri. Bakina bai yi shiru ba, na ce, "Baba, ai gudowa kuka yi." Ya ajiye kofin shayi ya dube ni. "Yaro, wanda ya gudu ba ya komawa da yaƙi. Ka tambayi Katsinawanku Ɗan Baskore." Yana nufin sarkinsu da ya riƙa kai wa Katsina yaƙi.

Daren nan na fara jin labarin yaƙin Gawakuke daga ɗaya ɓangaren. A littafinmu nasarar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce a 1836. A bakinsa kuwa rana ce ta makoki, wadda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Shekara ɗaya, wuri ɗaya, mamatan ma bai musa ko ɗaya ba. Fassarar ce tasa daban, kuma ban ga hukumar da za ta zauna a Abuja ko Yamai ta sauya masa ita ba. An ce mu yi koyi da Faransa da Jamus da suka fitar da littafin tarihi na haɗin gwiwa a 2006. Madalla, amma su sai da suka yi shekara sittin da ajiye bindiga.

Abin da na rasa tun ina yaro shi ne wanda zai gaya mini akwai labari na biyu, da ban yi wa mai masaukina wannan katoɓarar ba. Washegari dai ya raka ni kasuwa, ya tsaya mini aka ba ni buhu ashirin bashi, yana ta kirana "jikan masu tuta".