Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ake Korar Ƴan Roma a Turai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga a talabijin ƴan sandan Faransa suna rushe bukkokin wasu mutane da ake kira Roma a bayan garin Paris. Ɗana da ke karatu can ya ce ai ƴan Turai ne. To in haka ne, me ya sa ake yi musu irin korar da ake yi wa baƙin haure? Daga wata mai karatu, Tawa.

Amsa: Wa'alaikumussalam, Hajiya. Ɗanki ya faɗi gaskiya. Kakanninsu sun baro arewacin Indiya wajen shekara dubu da suka wuce, harshensu ma dangin Hindi ne. Yau ana ƙiyasta su miliyan 10 zuwa 12 a Turai. Akasarin waɗanda kika gani ƴan Romaniya da Bulgeriya ne, ƙasashen da suka shiga Tarayyar Turai a 2007.

Ƙiyayyar ta daɗe. A ƙasar da ta zama Romaniya, bayi ne har 1856. Ƴan Nazi na Jamus sun hallaka dubban ɗaruruwansu, shi ya sa ake tunawa da 2 ga Agusta 1944, daren da aka kashe waɗanda suka rage a sansanin da aka tsare su a Auschwitz.

Wariyar yau kuwa ta takarda take bi. Dokar Tarayyar ta ba ɗan ƙasa mamba damar zama wata 3 a wata ƙasar. In zai wuce haka sai ya nuna aiki, karatu ko abin hannu. Mai ba da aiki na neman adireshi, mai gidan haya na neman shaidar albashi. Wanda ya rasa duka biyun sai bukka a filin da ba nasa ba, mai fili ya kai ƙara, kotu ta ce a tashi. A 2010 gwamnatin Sarkozy, shugaban Faransa na lokacin, ta riƙa ba babba Yuro 300, yaro 100, don su koma gida. Da yawa suka karɓa suka sake dawowa, tun da dokar ba ta hana su ba.

Yara ne ke ɗanɗana kuɗarsu. A Faransa karatu wajibi ne daga shekara 3, ko iyaye na da takardu ko babu, amma wasu magadan gari kan ƙi rubuta yaro da hujjar babu adireshi. Ko an rubuta shi, rushe sansani kan jefa iyalin wata unguwa, sai a koma farko. Bayan wargajewar Yugoslabiya kuma, ƴan Roma da dama sun tashi ba ƴan ƙasar kowa ba, saboda uwar da ba ta da takardar haihuwa ba ta iya yi wa ɗanta. Mun san irin wannan a nan wurin ƴaƴan makiyaya idan jarrabawa ta zo.

Kotu na aiki, sai dai da tafiyar hawainiya. A 2007 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Strasbourg ta kama Jamhuriyar Cek da laifin tura yaran Roma na garin Ostrava makarantun masu raunin ƙwaƙwalwa. Kafin hukuncin ya fito yaran sun girma. Sai a 2021 ƙasar ta yi dokar biyan matan da aka juya wa mahaifa ba da yardarsu ba, akasarinsu ƴan Roma, kowace kuɗin Cek 300,000. Mai son zuwa Strasbourg dole ya ƙare da kotunan ƙasar tukuna, sannan ya shigar da ƙara cikin wata 4. Nan ne da yawa ke faɗuwa, domin wanda ake kora daga fili zuwa fili da wuya sammaci ko wasiƙar lauya ta same shi.