Likitan Gona: Ƙunar ganye da yaushi a gonar dankalin turawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Dankali irin Marabel nake nomawa. Bana cikin watan Yuli ganyen ya fara baƙi daga gefe, kafin mako guda gonar ta koma kamar an cinna mata wuta. Sau biyu na yi feshi, abin bai tsaya ba. Maganin ne jabu, ko me? (Wani manomi, Bokkos)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Jabun magani akwai shi a kasuwa, amma bisa bayaninka, makara ce ta fi kama da dalili. Wannan ita ce cutar ƙunar ganye, wadda ƙwayar da masana ke kira Phytophthora infestans ke haddasawa, ita ce kuma ta jefa ƙasar Ayalan cikin yunwa daga 1845. Sanyi da laima take so, wato ainihin yanayin Bokkos, Mangu da Barkin Ladi daga Yuni zuwa Agusta. Idan ganye ya kwana a jiƙe, gari ya waye da hazo, to ta samu yadda take so.

Ka shiga gona da sassafe kafin raɓa ta bushe, ka juya bayan ganyen da ya yi tabo. Za ka ga wani farin abu kamar ƙurar auduga ya kewaye tabon. 'Ya'yan cutar ke nan, iska da ruwan sama ke kwasarsu zuwa kunya ta gaba. Cikin kwana huɗu zuwa biyar sabon tabo ya sake haihuwa, shi ya sa gona ke tafiya a mako guda.

Idan maganin mancozeb ka fesa, shi kariya ne, ba ya warkar da ganyen da ya riga ya kamu. Aikinsa ya zauna a kan lafiyayyen ganye ya tare ƙwayar kafin ta shiga. Don haka ana fara feshi tun shuka na da tsawon taƙi guda, a maimaita duk kwana bakwai, a matso zuwa biyar idan ruwa ya yawaita. Ma'aunin da aka saba ga mai ƙarfin kashi 80 shi ne kilo 2 zuwa 2 da rabi a hekta, wato kamar giram 50 a lita 20 na ruwa, amma abin da aka rubuta a jikin leda shi za ka bi. Ka karkata bakin famfo ya samu ƙarƙashin ganye, nan ne akasari ake sakaci. In ruwa mai ƙarfi ya sauka jim kaɗan bayan feshi, ya wanke maganin, sai an sake. Da zarar ka ji cutar ta ɓulla a maƙwabta, sai ka koma kan mai haɗin metalaxyl, irin su Ridomil Gold, wanda ke shiga jikin shuka. Kada ya wuce sau biyu ko uku a damina, domin ƙwayar tana sabawa da shi. A sa safar hannu da takunkumi.

Abin da ya rage a gonarka yanzu shi ne 'ya'yan da ke ƙasa. Ka yanke ganyen gaba ɗaya, ka fitar da shi daga gona, ka jira mako biyu kafin tono, fatar dankalin ta yi ƙwari. Baɗi kuma ka ɗaga kunya sosai, don kada ruwa ya gangara da ƙwayar zuwa ga 'ya'yan.

Tambaya: Shukata tana yaushi da rana alhali ƙasa a jiƙe take, ganyen kuma kore shar. Wane magani zan fesa? (Wata manomiya, Mangu)

Amsa: Hajiya, ki riƙe kuɗinki tukuna. Ki yanko kara daga gindin shukar da ta yi yaushi, ki rataya bakin yankan cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kada ki motsa shi. Idan bayan 'yan mintoci kika ga farin zare kamar madara yana sauka daga karan, cutar yaushi ce ta bakteriya, Ralstonia solanacearum. Ki tsaga dankalin ma, za ki ga zobe mai ruwan ƙasa a ciki, in kin matsa ya fito da farin ruwa. Ba feshin da ke maganinta. Ki tuge shukar da 'ya'yanta da ƙasar gindinta, ki binne nesa da hanyar ruwa, ki wanke fartanya kafin ki shiga wata gona. Filin ya huta da dankali, tumatir, barkono da yalo aƙalla shekara uku, a sa masara ko acca. Kada ki ajiye iri daga wannan gonar ko da ya yi kyau a ido, cutar tana ɓuya a cikinsa.

Tambaya: Gaskiya ne an samo irin da ƙunar ganye ba ta kamawa? (Ɗalibin aikin gona, Jos)

Amsa: Abubuwa biyu ne, ɗana, ana yawan haɗa su. A 2023 aka saki sababbin iri huɗu a Najeriya, Unica, Juriya, Babban da Kyau, aikin cibiyar binciken saiwoyi ta NRCRI mai reshe a Kuru tare da cibiyar dankali ta duniya, CIP, da ke Peru. Ta hanyar barbara aka samo su. Sun fi tsofaffin iri jure cuta, amma juriya rage yawan feshi take yi, ba ta ɗauke shi.

Na biyun kuwa dankali ne da aka sanya wa ƙwayoyin gado uku daga dankalin daji, aka gwada shi a killataccen fili a Kuru da izinin NBMA, hukumar da ke sa ido kan halittun da aka sauya wa ƙwayoyin gado. Hikimar uku ita ce, ƙwayar cutar na iya karya kariya ɗaya, amma karya uku a lokaci guda yana mata wuya ƙwarai. Irin wannan ba ya isa hannun manoma sai hukuma ta amince, saboda haka duk wanda ya tallata maka shi a kasuwa, ka fara tambaya a Kuru ko wurin malamin gona na yankinku kafin ka biya.