Yadda za a gina layin Gusau zuwa Ƙauran Namoda a wasan jirgin ƙasa na kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Gusau, ina da wasan Trainz a kwamfutata, kuma burina shi ne in gina layin dogon da ya tashi daga Gusau zuwa Ƙauran Namoda, inda kakana ya yi aikin reluwe. Na shimfiɗa layin, na dasa itatuwa da gidaje, amma duk wanda na nuna wa sai ya ce wurin ya fi kama da ƙasar Turawa. Ga shi kuma jirgin yana ta hawa da gangara kamar mota a kan kunya. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin da wuya ka ga layin Arewa a cikin waɗannan wasanni, kuma wanda ka zaɓa layi ne mai tarihi. Reshe ne da ya balle daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya ƙare a Ƙauran Namoda a shekarar 1929, kuma gyaɗa da auduga ne suka jawo shi. Matsalolin da ka ambata biyu ne, amma tushensu ɗaya: ka fara da ado kafin ka daidaita ƙasa da dogo.

Bari mu fara da hawa da gangarar, domin nan ne aikin yake. Yawancin masu gina layi suna ɗauko bayanan tsayin ƙasa na SRTM, waɗanda kumbon Amurka mai suna Endeavour ya auna a watan Fabrairun 2000, sannan su shigar da su wasan ta hanyar manhaja irin TransDEM. Bayanan suna da amfani, sai dai awo ɗaya ake yi a kowane mita 30, kuma na'urar da ta yi awon ba ta bambanta ƙasa da kan bishiya ko rufin gida ba. Inda akwai kurmin mangwaro a bakin fadama, ko cunkoson gidaje kamar tsakiyar Gusau, sai ta nuna tudun da babu shi. Idan ka bar dogo ya kwanta a kan wannan ƙasa yadda take, kuskuren mita biyar a cikin tafiyar mita ɗari zai ba ka hawa na ɗaya cikin ashirin, wanda jirgin kaya mai taragu da yawa ba zai iya ja ba. Injiniyoyin da suka gina layin gaske sun yi ciko a kwari, sun yanke tudu, domin hawan ya zama a hankali. Kai ma haka za ka yi: ka sa tsayin dogo da hannunka, gaɓa bayan gaɓa, ka riƙe hawan kusa da ɗaya cikin ɗari ko ƙasa da haka, ka bar harabar tasha a miƙe, sannan ka umarci wasan ya ɗaga ko ya sauke ƙasa ta sadu da dogon. Dogo ne ke gaba, ƙasa ta biyo shi. Haka ma kwana: kada layi ya fita daga miƙe ya faɗa lanƙwasa kai tsaye, sai ka buɗe bakin kwanar a hankali a shiga da fita, in ba haka ba taragu za su riƙa fizga.

Akwai wani abu da nake zaton shi ne ya fara tona asirin aikinka ga masu kallo. Dogon da wasan ke kawowa da kansa faɗinsa milimita 1,435 ne, irin na layin Abuja zuwa Kaduna. Tsohon layinmu kuwa milimita 1,067 ne, wato ƙafa uku da inci shida. Ka nemi dogo da taragun wannan awo a rumbun kayan wasan. Za ka same su a cikin kayan Afirka ta Kudu, da Niyu Zilan, da jihar Kwinsland ta Ostireliya, domin duk awonmu ɗaya. Layin tilo ne, sai a tasha yake rabuwa domin jirage su wuce juna, saboda haka ka cire duk wata fitilar ba jirgi hannu ta zamani da turakun lantarki. Tsakuwar ƙarƙashin dogo kuma kada ta yi fari tas kamar yau aka zuba ta. Ka rina ta da ja-ja, ka bar ciyawa ta ɗan ci gefenta.

Kafin ka dasa bishiya ko ɗaya, ka yanke shawara biyu: wace shekara, kuma wane lokaci na shekara. Idan zamanin kakanka kake so, kafin injinan dizal su fara shigowa a tsakiyar shekarun 1950, to jirgin gawayi ne, yana bukatar tankin ruwa a tasha, da ɗakunan ajiya na kamfanoni da buhunan gyaɗa jibge a gefen layi, kuma babu eriyar waya ko babur ɗan acaɓa. Lokacin shekara kuwa shi ke ba ƙasar launinta. A watan Agusta gero da dawa sun rufe gonaki har bakin layi, rafuka sun kawo. A watan Janairu sai karan dawa a tsaye ko a tare, ƙasa ta yi fari-fari, gulbi ya koma yashi, hazon hunturu ya rufe nesa. Ni da zan zaɓa maka, da rani zan zaɓa, domin hazon yana rage nisan da kwamfuta za ta zana, wasan ya yi sauƙi ko a ƙaramar na'ura.

Itatuwan su ne suka mai da wurinka Turai. A can daji yake cunkushe, a nan kuwa bishiya ɗaiɗai take tsaye a tsakiyar gona, manomi ya bar ta saboda amfaninta: kuka, ɗorawa, tsamiya, kaɗanya, gawo, sai giginya a wuraren damshi da darbejiya a cikin gari. Ka kula da gawo musamman, domin da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, kuka kuma akasin haka. Duk ɗan ƙauyen da ya ga gawo da kuka sun yi ganye shar tare zai san wanda ya dasa su bai zauna a gona ba. Kuka da bishiyoyin ƙaya za ka samu a kayan Afirka da wasu suka riga suka ƙera. Rumbu da zaure da katangar laka da ɗakin jinka kuwa sai ka ƙera da kanka a Blender, manhajar ƙera siffofin abubuwa a kwamfuta, wadda kyauta ce, kuma rumbu shi ne mafi sauƙin farawa. Hoton bango na gaske, wanda ka ɗauka da waya da hantsi, ya fi kowane fenti. Idan za ka ɗauki hoto a tasha ka nemi izinin ma'aikata tukuna, kuma ina roƙonka kada ka bi layi cikin daji saboda hoto a halin tsaron da ake ciki. Hotunan tauraron ɗan'adam da taswirar OpenRailwayMap sun isa su nuna maka inda gada da kwalbati suke.

Game da girman aikin, tsakanin Gusau da Ƙaura kusan kilomita 50 ne, Trainz kuma fili-fili yake yanka ƙasar da ake gini a kai, kowane fili mita 720 ne a kowane gefe, wato fili kusan 70 a jere, in ka ƙara ɗaya dama ɗaya hagu sun haura 200. Kada ka buɗe su gaba ɗaya. Ka ɗauki tashar Ƙaura da kilomita biyar na farko, ka zuba ƙoƙarinka a mita ɗari biyu na kowane gefen dogo, abin da ke nesa ka bar shi da launin ƙasa da 'yan itatuwa. In ka gama, ka zaunar da wani dattijo da ya taɓa shiga wannan jirgi a gaban kwamfutar, ka tuƙa a hankali, ka rubuta duk abin da ya ce babu ko ba a nan yake ba, ka gyara kafin ka ƙara fili na gaba.